Kiran Talotalon Daji a Farautar Bazara a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Talotalon da ake kiwo a gidajenmu asalinsa tsuntsun nahiyar Amurka ne. Mutanen Meziko ne suka fara kiwonsa, Turawan Sifen suka kwashe shi zuwa Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu duniya. Ɗan'uwansa na daji yana nan a ƙasar haihuwarsa, ana samunsa a jihohi 49 na Amurka, ban da Alaska kaɗai. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da sanyi ya ja baya ganye ya fara toho, maharba kan fita nemansa ba kare ba kora. Gindin bishiya suke zama su kwaikwayi muryar mace har namijin ya kawo kansa. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan kira.

Me ya sa sai a bazara ake wannan kiran?

Domin lokacin barbara ne. Da yini ya fara tsawo bayan hunturu, jinin namijin yakan motsa. Tun gari bai waye ba, yana bisa reshen da ya kwana, sai ya miƙe wuya ya saki cara, wata irin "gulululu" mai ƙarfi da ake iya ji daga nisan mil guda, wato fiye da kilomita ɗaya da rabi, idan iska a kwance take. Da ya sauko kuma sai ya nemi fili, ya baza wutsiya, ya saki fikafikai suna jan ƙasa, kansa yana sauya launi tsakanin ja da fari da shuɗi.

A nan ne abin da sabon shiga ya kamata ya fara riƙewa yake. A al'adar tsuntsayen nan, namiji tsayawa yake yi ya yi cara, mace ce ke takawa ta same shi. Maharbi kuwa akasin haka yake nema: yana so namijin ya bar dandalinsa ya zo neman macen da bai gani ba. Duk wata dabara ta kira daga nan ta samo tushe. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa yawan kira ke ɓata farauta. Macen da ke ta rangaɗa murya babu ƙaƙƙautawa, a kunnen namiji, mace ce da ta matsu, ba da jimawa ba za ta zo da ƙafarta. To me zai tashe shi?

Da me ake yin kiran?

Huɗu ne suka fi shahara.

Akwai akwatin kira, ɗan dogon akwatin katako mai murfi kamar filafili, wanda aka ɗaure da ƙusa a gefe ɗaya. Idan ka goga murfin a leɓen akwatin sai ya ba da muryar mace. Wani mutumin jihar Akansas mai suna Henry Gibson ne ya yi wa irinsa rajistar mallaka a 1897, kuma har yau siffarsa ba ta canza sosai ba. Yana da ƙarfin murya, yana keta iska.

Akwai faifai da tsinke. Faifan ɗan zagaye ne na dutsen allo, ko gilashi, ko alminiyam, a cikin ƙoƙon katako ko roba. Tsinken kuma ɗan sanda ne da ake riƙewa kamar alƙalami ana zana ƙananan da'irori a fuskar faifan. A wajen ƙananan muryoyi masu taushi ban ga kamarsa ba.

Akwai na cikin baki, wanda siririyar roba ce, ɗaya ko biyu ko uku, da aka ɗame a jikin ɗan ƙarfe mai siffar kofaton doki. Ana manna shi a ganɗa da harshe, a hura iska daga ƙirji ta bi tsakanin harshe da robar. Ya fi duka wuyar koyo, wasu ma da farko yakan sa su yunƙurin amai, amma hannu biyu suna kan bindiga kuma babu motsin da tsuntsu zai gani.

Na huɗu shi ne mafi tsufa: ƙasusuwan fiffiken talotalon kansa, a haɗa su kamar ɗan bututu, a tsotsi iska da leɓe. 'Yan asalin nahiyar ne suka ƙirƙiro shi, kuma masu tonon tarihi sun samo irinsa a wani wuri da ake kira Eva a jihar Tenesi, masu dubban shekaru. Yanzu ba kowa ke amfani da shi ba, kuma wannan ma wani amfani ne, domin tsuntsayen da suka gaji da jin akwati ba su saba da muryarsa ba.

Da wanne ya kamata in fara?

Akwati, ko faifan dutse. A yini guda za ka iya fitar da muryar da za ta ja tsuntsu. Ka sayi na cikin baki tun yanzu ka riƙa gwadawa a gida ko a mota, amma kada ka dogara da shi a shekararka ta fari.

Waɗanne muryoyi ne ya zama dole in iya?

Masana sun ƙirga wa talotalo muryoyi sama da ashirin, amma uku sun ishe ka shiga daji.

Ta farko ita ce kiran mace na yau da kullum, "yauk, yauk, yauk", sau uku zuwa bakwai a jere. Kowane "yauk" gaɓa biyu ne a manne: yana farawa da siririyar murya ya faɗo zuwa kakkaura. Da shi mace ke cewa ga ni nan, kuna ina. Ta biyu ita ce ɗan gajeren "tuk" guda ɗaya ko biyu, wanda tsuntsu ke yi don jan hankalin na kusa da shi. Ta uku ita ce "kurrr" mai laushi da suke yi a maƙogwaro lokacin da suke kiwo hankali kwance. Wannan ba ta zuwa nesa, amma ga namijin da ya riga ya kusato, ita ce ke gaya masa babu komai a wurin sai lafiya.

Bayan waɗannan akwai kiran zumuɗi, wato "tuk" masu kaifi da sauri, ba a jere daidai ba, kamar "tuk, tuk-tuk, tuk, tuk-tuk-tuk". Mace ce da ranta ya tashi, ko don sha'awa ko don faɗa. Akwai kyarkyarar saukowa daga bishiya da sassafe, da kuma ɗan siririn "yauk" na mai barci-barci da mace ke yi tana bisa reshe.

Ɗaya ce za ka koya don ka guje ta: kukan gargaɗi, "fut!" mai kaifi da tsauri. Ya yi kama da "tuk" ƙwarai, bambancin kawai ƙarfi da kaifi. Shi ya sa mafi yawan maharba ke bin "tuk" ɗinsu da "kurrr" ko "yauk", don kada tsuntsu ya ɗauka kashedi ake yi masa. Idan kuwa kai ka ji "fut" daga bakinsa, ka ga ya miƙe wuya yana gyara fikafikai, to ya tsargu, tafiya zai yi.

Muryata ba ta da daɗi kamar ta gwanaye. Zai hana tsuntsu zuwa?

Ba zai hana ba. Duk shekara a watan Fabrairu ana gasar kira ta ƙasa a birnin Nashbil, a taron National Wild Turkey Federation, ƙungiyar da ke kula da talotalon daji, kuma gwanayen da ke hawa dandamali suna fitar da murya tas kamar an wanke. Amma duk wanda ya zauna kusa da matan talotalo na gaske ya san da yawansu muryarsu a dishe take, wata tana karyewa a tsakiya, wata kamar ƙofa mai tsatsa. Abin da ba sa kuskurewa shi ne tazara da kari: yadda "yauk" ke bin "yauk", inda ake tsayawa, inda ake ƙara sauri. Kari ɗin za ka sa wa kunne. Idan murya ta suɓuce maka a tsakiyar kira, kada ka yanke nan take; ƙarasa jerin kamar ba abin da ya faru. Yankewar ce ba ta yi kama da tsuntsu ba.

Ta yaya zan san inda namijin yake ba tare da na jawo shi da wuri ba?

A bazara namijin talotalo yakan yi cara ba shiri idan ya ji wata ƙara mai ƙarfi kwatsam, ko tsawa ce, ko buga ƙofar mota. Maharba suna cin moriyar wannan hali. Kafin asuba da kuma bayan faɗuwar rana sukan kwaikwayi kukan mujiya, da rana kuma kukan hankaka. A yammacin ƙasar wasu na yin haushin koyoti, karen dajin nan mai kama da dila. Amfanin wannan shi ne tsuntsun zai tona inda yake amma ba zai taho ba, domin ba mace ya ji ba. Sai ka samu sararin zaɓen wurin zama.

Ka yi kukan a gajarce ka yi shiru, domin idan ka ja shi da tsawo carar za ta shige cikin ƙararka ba ka ji ba. Kuma kada ka taɓa yin muryar mace kana tsaye a fili ba ka da bishiyar da za ka jingina. Sau da yawa amsar takan zo daga kusa fiye da yadda ake zato, kafin mutum ya samu wuri tsuntsu ya riga ya gan shi.

Na gano bishiyar da ya kwana. Me zan yi da asuba?

Ka shiga da duhu, ba fitila, a hankali, har ka kai kamar mita 100 zuwa 150 da bishiyar, gwargwadon kaurin ganye. A farkon bazara da rassa ke tsirara, ka tsaya nesa. Ka zauna ka jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi, ka ɗaga gwiwa ɗaya ka ɗora bindiga a kai, bakinta na kallon inda kake sa ran zai ɓullo.

Sai ka jira. Ƙananan tsuntsaye za su fara kuka, sama ta yi toka-toka, shi kuma ya yi cara ta farko da za ka ji ta har cikin ƙirjinka. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin ɗaukar akwati. Ka daure. Sai haske ya isa ka iya bambance ganye da ƙasa, sannan ka ɗora tsinke a faifai ka yi "yauk" uku marasa ƙarfi, kamar mai magana cikin barci. Idan ya katse ka da cara, ya ji, kuma ya san gindin bishiyar da kake. Kunnen talotalo yana auna wuri da nisa ta yadda mutum zai yi mamaki. Ka ajiye faifan.

Wannan shirun shi ne mafi wuya a farautar duka. Idan ka ci gaba da amsa masa, zai zauna a reshe ya yi ta cara yana jiran ya ga macen ta iso ƙarƙashinsa, carar kuma ta jawo matan gaske, da ma wasu maharba. Lokacin saukowa ya yi, wasu sukan yi kyarkyara su kaɗa hula a cinya don ta ba da ƙarar fiffike, kamar mace ta diro. Da ka ji ya dira ƙasa, muryarsa za ta ɗan dushe. A nan ne za ka yi kira sosai sau ɗaya ko biyu, don ya juyo wajenka kafin ya zaɓi wata hanya.

Sau nawa zan riƙa kira, kuma da wane ƙarfi?

Babu adadin da ya dace da kowace rana, tsuntsun ne zai gaya maka. Ka fara a hankali ko da yaushe, domin ƙara murya abu ne mai sauƙi, amma tsuntsun da ka firgita da ƙara ba ya dawowa. Idan yana amsa kowane kira kuma muryarsa na ƙara kusantowa, aikin kira ya ƙare, sai ka saki abin kira ka riƙe bindiga. Idan yana amsawa amma daga wuri ɗaya, to ka rage. Idan babu amsa sam kana zaune kana jira, jeri ɗaya duk bayan minti 15 ko 20 ya isa.

A dajin gwamnati da kowa ke shiga, tsuntsaye sun sha jin kira iri-iri, kuma waɗanda suka yi saurin amsawa tuni an ɗauke su. Waɗanda suka rage sun fi yarda da "tuk" da "kurrr" da ƙarar tonon ganye. A fili mai faɗi irin na Teksas ko Nebraska, inda murya ke ɓacewa cikin iska, kira mai ƙarfi ya fi karɓuwa.

Ya taho har kusa, sai ya tsaya nesa da harbi yana ta cara. Me ya faru?

Wannan ita ce matsalar da ta fi ci wa maharba tuwo a ƙwarya, kuma galibi laifin wurin zama ne, kiran bai yi komai ba. Ko dai akwai abin da ya tare shi, kamar rafi, ko shingen waya, ko sarƙaƙiya, ko kuma ya kai inda yake iya hango wurin da muryar ke fitowa. Ya duba bai ga mace ba. Idonsa yana ɗaukar kusan digiri 270 ba tare da ya juya kai ba, yana ganin launi, kuma ƙiftawar motsi ba ta wuce shi. Tunda bai ga kowa ba, sai ya koma ga al'adarsa: ya baza wutsiya a nan ya jira ta fito.

Maganin tun wajen zama ake yinsa. Ka zaɓi inda dole sai ya shigo cikin nisan harbi kafin ya iya ganin wurinka, misali bayan ɗan tudu, ko a kwanar hanya, ko inda ciyayi suka ɗan yi kauri. Ka zauna daidai da shi ko sama da shi a kan tudu, domin maharba sun daɗe da lura cewa jawo shi gangare ya fi wuya.

Idan kuwa ya riga ya tsaya, ka yi shiru gaba ɗaya. Minti goma, ashirin, har rabin sa'a. Sau da yawa shirun ne ke karya shi, ya zaci macen ta gaji ta tafi. In yana inda ba ya ganin hannunka, ka tona busasshen ganye da yatsu yadda tsuntsu mai kiwo ke yi: tono ɗaya, ɗan tsayawa, tono biyu a jere. Idan da na cikin baki kake, ka juya fuska gefe ka rufe baki da tafin hannu don muryar ta yi kamar tana nisa. In ku biyu ne, mai kira ya ja baya mita talatin ko arba'in ya bar mai bindiga a gaba. Idan duk bai yi ba, ka bar shi ya tafi, ka zagaya ka zauna a daidai inda ya tsaya ɗazu, ka yi kira da wani abin kiran dabam. Wurin da ya riga ya taka lafiya ba ya jin tsoron komawa.

Yana tare da mata. Akwai abin yi?

Da wuya namiji ya bar matan da yake gani ya bi wadda bai gani ba. Sai ka manta da shi ka koma kan matan. A cikinsu akwai babba mai faɗa a ji, kuma ba ta son kishiya. Idan ta yi kira, ka maimaita abin da ta faɗa daidai, ka ɗan fi ta ƙarfi, ka katse ta tun ba ta gama ba. Idan ranta ya ɓaci za ta taho neman mai yi mata rashin kunya, namijin na biye. Ba kullum ake dacewa ba. Wata babbar da ta ji baƙuwar murya sai ta ja ayarinta su yi nesa. Kuma idan ta zo, ita za ta fara isowa, da idanunta da na sauran matan duka a kanka, sai ka zama kamar kututture har ya shigo.

Yana ta cara, sai ya yi tsit. In tashi?

Kada ka tashi. Shirun namiji sau da yawa yana nufin ya daina sanarwa ya kama hanya. Riƙaƙƙun da suka ga shekaru, da kuma waɗanda manya suka sha kora, sukan zo ba ko tari, wani lokaci ma ta bayanka. Ka kasa kunne ga takun ƙafa a busasshen ganye, da wata ƙara da namiji ke yi lokacin da yake taƙama: "tif" gajere sannan gunji mai zurfi "duuum", wanda ba a jinsa sai a kusa ƙwarai. Idan ka ji wannan, ya riga ya kusato, to ido ne kaɗai za ka motsa. Ka ba shi aƙalla rabin sa'a bayan cararsa ta ƙarshe.

Hantsi ya yi ban samu komai ba. Ranar ta wuce ke nan?

Ko kusa. Mace takan saka ƙwai goma zuwa goma sha biyu, kusan ɗaya a kowace rana, sannan ta kwanta a kansu kwana 28. A kwanakin saka, da hantsi ya yi sai matan su sulale ɗaya bayan ɗaya zuwa sheƙa, su bar namijin shi kaɗai. Wanda ya yi biris da kai da asuba, da ƙarfe goma yana iya tahowa da gudu. A wannan lokaci ake tafiya a hankali bisa tudu ko tsohuwar hanyar daji, ana tsayawa duk bayan 'yan ɗaruruwan mitoci a yi kukan hankaka ko kiran zumuɗi. Namijin da ya amsa da hantsi, ka nemi bishiya nan take.

Sai dai ka duba dokar jihar da kake. Wasu jihohi suna rufe harbi da tsakar rana ko ƙarfe ɗaya, a duk kwanakin farautar ko a wani sashe nasu, don a bar mata masu kwanci su huta.

Iska da ruwan sama fa?

Da iska, ka ɗauki akwati ko faifan gilashi ko na alminiyam masu kaifin murya, ka nemi kwari inda tsuntsaye ke fakewa. Da ruwa, sukan fito fili domin a cikin daji ƙarar ɗigon ruwa na toshe musu kunne. Akwati da faifan dutse ba sa magana idan suka jiƙe, sai ka sa su a leda ka koma ga na cikin baki.

Ya shigo nisan harbi. Akwai sauran kira?

Ɗaya tak. Kan talotalo da wuyansa ake nufa, kuma idan yana taƙama kansa a noƙe yake cikin gashi. "Tuk" guda mai ɗan kaifi da na cikin baki zai sa ya saki gashin ya miƙe wuya ya duba. Nisan da maharba suka daɗe suna tsayawa a kai shi ne yadi 40, kusan mita 36. Harsasan zamani suna kaiwa fiye da haka, amma ni ina ganin wanda ya iya kira ba ya bukatar harbi daga nesa, kuma harbin nesa shi ke barin tsuntsu ya gudu da rauni ya je ya mutu a banza. Kafin ka taɓa kunama, ka tabbata ka ga gemun nan da ke rataye a ƙirjinsa, domin a bazara namiji ko mai gemu kaɗai doka ta yarda a harba, ka kuma ga abin da ke bayansa.

Zan iya kwaikwayon carar namiji?

Ana yi, kuma wani lokaci kishi kan jawo babban namiji. Amma a dajin da ba kai kaɗai ba ne, ban ba ka shawara ba. Cara ita ce muryar da kowane mai bindiga a dajin yake nema, kai kuma kana sanye da kaya masu launin ganye, ba a ganinka. Ko muryar mace ma tana jawo mutane, shi ya sa ake jingina da bishiya mai faɗi don ta kare baya. Kada ka sa ja ko fari ko shuɗi, ko da safa ce ko hankici, domin launukan kan namiji ke nan. Idan ka hango wani maharbi na tahowa, kada ka ɗaga hannu, kada ka yi kira. Ka zauna yadda kake ka yi masa magana da muryar mutum, da ƙarfi.

Kai ma kada ka bi murya da sanɗa, domin mai yinta yana iya zama mutum. A ƙasar Hausa an san maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ya rarrafa har ya kusanci nama. A Amurka akwai masu yin makamancin haka, su ɓuya bayan bazazziyar wutsiyar talotalo suna rarrafe zuwa wurin namiji. Yana aiki, amma mutum ya mai da kansa abin da sauran maharba ke nema, kuma wasu jihohi sun haramta shi.

Me zai hana in ɗauki muryar mace a waya in kunna?

Doka. Mafi yawan jihohi sun hana kiran talotalo da na'ura ko muryar da aka naɗa. Ka saurara a gida don koyo, ka bar ta a can. Dokokin nan suna da tarihi. Zuwa shekarun 1930 yawan harbi da sare daji sun kusa ƙarar da tsuntsun, har wasu ƙididdiga suka ce bai fi 30,000 ya rage ba. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai don kula da namun daji, sannan daga 1951 aka fara kama na daji da ragar da ake harbawa, ana kai su wuraren da suka ƙare. Ƙungiyar da na ambata a sama, wadda aka kafa a 1973, ta sa hannu sosai a wannan aiki, har yawansu ya kai wajen miliyan bakwai. A 'yan shekarun nan adadin yana raguwa a jihohin kudu maso gabas, shi ya sa Tenesi a 2023 ta jinkirta buɗe farautar da mako biyu ta kuma rage adadin da mutum zai harba daga uku zuwa biyu. Lasisi, ranakun buɗewa, sa'o'in harbi, da halaccin kafa talotalon roba don jawo na gaske, duk sun bambanta daga jiha zuwa jiha kuma suna canzawa, sai ka karanta na shekarar da kake ciki.

Zan iya zuwa daji in gwada kira kafin a buɗe farauta?

Ka je ka saurara, amma ka bar kayan kira a gida. Namijin da ya taho ya tarar da mutum a maimakon mace ya koyi darasin da zai wahalar da kai ranar buɗewa. Abin da za ka samu a wannan zuwan ya fi gwaji amfani: inda suke kwana, inda suke sauka, hanyar da suke bi zuwa kiwo, da yadda matan ke magana da juna idan babu mai damunsu.

Yaya ake kula da kayan?

Akwati yana son alli a ƙarƙashin murfinsa, irin wanda babu maiƙo a ciki, kuma kada a goge leɓensa da samfefa ko a taɓa shi da yatsa. Idan za ka yi tafiya ka ɗaure murfin da roba don kada ya yi ta ƙara a aljihu. Faifan dutse ana goge shi da soso mai ɗan kaushi, na gilashi da samfefa ko dutsen wasa, a bi gefe ɗaya kawai, sannan a ja tsinke ya gitta layukan. Bakin tsinken ma a riƙa share shi. Na cikin baki kuwa a ɗauraye shi da ruwan sanyi bayan amfani, a sa tsinken sakace tsakanin robobin don kada su manne, a ajiye a firji. Zafin cikin mota yana lalata robar, kuma ko da kulawa yawanci sai an sake sabo duk shekara.